Ranar da Lasisina Ya Mutu

Ran Alhamis lasisina ya mutu.
Haka suke faɗi a ofis, wai ya mutu,
sai ka ce takarda ma tana da huhu.
Shugabar sashe ta ce, "Kulu, tuɓe safar hannu,
ba ki taɓa majinyaci sai hatimi ya hau."
Na tuɓe. Na bi ƙofar baya,
rana tsaka, zafin Sakkwato na narkar da kwalta,
ɗan kabu-kabu ya kai ni Mabera ban ce uffan ba.

Shekara goma sha ɗaya ina bubbuga bayan mutane
da tafi a lanƙwashe kamar ludayi,
ina kwance majinar da ta kafe a ƙirji,
ina gadin injin da ke shaƙa a madadin mai gado.
Na san kukan huhu
yadda masuncin Kwalkwalawa ya san gurbi mai zurfi.
Yau kuma wai sai an gwada ni:
kuɗin sabuntawa, hoto biyu, shaidar bita,
da layin banki mai cinye yini.

A gado na shida akwai Malam Jelani,
ɗan dakon siminti daga Kalambaina,
buhu ya bar masa gado a ƙirji.
Ya aiko jikansa har gida:
"Baba ya ce mi yah hana ki zakkuwa?
Wagga da anka kawo, hannunta da sanyi."
Na ba yaron ruwan randa. Amsa kam babu.
Da dare na zagi takarda, na haɗa da mai hatimi.

Can tsakar dare Yalli ta faɗo mini,
ƙanwata, mai asma, shekararta tara.
Wani mai farar riga a Rijiyar Ɗorowa,
ba wanda ya tambaye shi inda ya yi karatu,
ya aro tukunyar iska wurin mai walda,
ya murɗa ta iyakar murɗawa,
ya ce, "Iska ai iska ce."
Inna ta biya shi da kuɗin akuya.
Kafin la'asar an baza tabarmi a ƙofar gida.
Bangon shagonsa fes, ko takarda ɗaya babu,
mu kuwa ba mu san ana duba bango ba.

Ran Talata mai binciken hukuma ya iso,
dattijo, tabaransa ɗaure da zare.
Ya kwantar da mutum-mutumin roba, ya ce,
"Tsohon ciwon huhu ne, leɓe ya fara shuɗi.
Nawa za ki buɗe masa?"
Na faɗi adadin da na fito da shi daga makaranta.
Ya dube ni ta saman gilashi.
"An rage shi, ɗiyata. Yawan iska ma yana kwantar da irin wannan."
Gwiwata ta yi sanyi.
Na tuna nawa nake buɗe wa gado na shida.

Bai buga ba. Ya miƙo littafi, ya ba ni mako.
Na cinye shi da tocila, wuta ta ƙi zuwa,
sauro na karatu tare da ni.
A zama na biyu hatimi ya sauka,
ƙararsa ba ta kai tari ɗaya ba.

Na iske Malam Jelani zaune, an tokare shi da matashi.
"Kin daɗe," in ji shi, da numfashi biyu.
Na duba ma'auni, na rage murfin kaɗan,
na tsaya har ƙirjinsa ya samu tafiyarsa.

Takardar ban kai ta ofis ba.
Na buga ƙusa daidai idon mai jinya,
na kira jikan nan, na ɗora yatsansa kan kwanan wata.
"Karanta. Duk wanda ya zo da farar riga,
ko ni ce,
ka fara duba nan."