Am Komin

Ban yi boko ba. Allo na riƙe, sai almakashi,
shekara arba'in da ɗoriya ina taka keke a Ƙofar Marusa.
Turancin da na tsinta bai cika cokali ba,
amma akwai kalma biyu da na haddace ba malami,
don kullum sai sun ratsa bakin shagona
kamar akuyar maƙwabta:
am komin.

Lurwanu ne ya fara kawo mini su, yaron shagona.
Na aike shi sayen baƙin zare,
ya cusa kuɗin a aljihu, ya juya mini ƙeya,
"Baba, am komin."
Na ce, me ka ce? Ya ce, "Ina zuwa ke nan."
Na ce, to ni dai tafiya na ga kana yi.
Aka yi azahar, aka yi la'asar,
zaren ya iso bayan magariba, kuma shuɗi.

Daga nan na buɗe kunne.
Mai gyaran janareta ya kwance mini inji ɗaiɗai,
ya goge hannu a wando: am komin.
Kusoshin na nan, na ba su gwangwani.
Alhaji Mannir da na ɗinka wa kaftani uku
ya lalube aljihu sau biyu, ya dubi sama,
am komin, in ji shi, bari in leƙa banki.
Bankin nan ina jin yana bayan Jibiya.
Jikata Zinatu kuwa, kira ta wanke-wanke,
ido a kan waya, ko motsi babu,
am komin,
ita ba ta tafi ba, ita ba ta zo ba.

Na lura da baya ake faɗinta,
ƙafa ɗaya ta riga ta hau babur.
Mai bashi kan ja mata wutsiya, mai sauri ya datse ta.
Ba na zargin Bature, mu ma muna da tamu,
"ina zuwa" ta cinye alkawari
tun kafin kwalta ta shigo garin nan.
Sai dai tamu tana da kunya,
takan ratayo in sha Allahu a kafaɗa.
Wannan kuwa haka take yawo, ko hula babu.

Daminar bara numfashin Barira ya sarƙe.
Muka ɗauke ta cikin dare zuwa babban asibiti,
ruwa na feso mu ta gefe, ina tarewa da babbar riga.
Wani yaro mai farar riga ya kama wuyan hannunta,
ya dubi agogo, ya dube ni,
da ladabi, wallahi da ladabi,
ya ce, "Baba, am komin."
Na san fassarar sarai.
Daren nan dai na zaɓi in yarda.
Na zauna bakin gado, na zuba wa ƙofa ido.

Ya dawo, ban ce bai dawo ba,
sharkaf da gumi, daga wani ɗaki mai gado ashirin,
ya tarar na riga na ja mata mayafi.
Ban riƙe shi a zuci ba.
Shi kaɗai ne a daren.

Yanzu duk Juma'a in an sauko,
nakan bi ta maƙabarta,
in cire ciyawa, in gyara fasasshiyar tukunyar da ta karkace,
in karanta abin da ya sawwaƙa.
In zan miƙe, gwiwa na kuka kamar kekena in ya rasa mai,
sai in juya baya, yadda na ga ana yi,
in sassauta murya kada masu haƙa su ji su yi dariya:
Barira, am komin.

Nan kaɗai, duk faɗin Katsina,
na san maganar za ta cika.