Littafin Ma'aji a Naryn

Shekara goma sha tara ina riƙe da littafin ƙungiya,
mai shuɗin bango, mai warin kitsen tumaki.
Mu arba'in da ɗaya ne, masu dardumar gashi,
kowace da shafinta, kowace da bashinta.
A da, sai bazara ta buɗe hanyar dutse
baƙi su hauro da kyamara a wuya,
su taya, mu ƙi, su juya, mu bi su da gudu.
In dusar ƙanƙara ta toshe mashiga, shi ke nan,
mu kalli kaya, kaya su kalle mu.

Bara Aizada ta dawo daga Bishkek
da kwamfuta a jaka, siririya kamar katakon yanka burodi.
Aka kira taro. Aka yi musu har shayi ya huce sau uku.
Cholpon ta ce, "Wanda bai shafa ba, yaya zai saya?"
Na goyi bayanta, ban ɓoye ba.
Ƙuri'a ta kayar da mu, ashirin da shida da sha biyar.

Cikin kuɗin mamba aka cire na intanet.
Kowace darduma ta sami lamba, ta sami hoto,
tsawo da faɗi, da sunan hannun da ya ɗinka ta.
Duk wanda ya taɓa saye yana cikin na'ura:
garinsu, launin da yake so, ranar da ya biya.
Farkon wata saƙo ɗaya kan tashi
ya sauka gida ɗari takwas
kafin in gama ɗaura kallabi.

Ba duka ne daɗi ba.
Wani a Osaka ya maido mana kaya,
wai jan da ya gani a waya ba shi ya kwance ba.
Muka biya kuɗin jirgi, muka haɗiye.
Yanzu a bakin taga muke ɗaukar hoto, da hantsi.

Abin da ya ɗaure mini kai na Burul ne.
Idonta ya yi rauni, ƙahon ragon da take zanawa
kullum ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa.
Shekaru muna tura nata ƙasan tuli.
Na'ura ba ta san tuli ba,
ta jera su kafaɗa da kafaɗa da na kowa.
Ran nan Aizada ta juyo mini da allon,
ta ce, "Gwaggo, duba wadda aka fi tambaya."
Ban ce komai ba. Na gyara zama.

Daren jiya, ƙanƙara har gwiwa, hanya a rufe,
wayata ta yi ƙara: an saya, an biya, daga Lisbon.
Na tashi na kunna fitila,
na jawo shuɗin littafin,
na laso yatsa na nemo shafin Burul,
na ja layi a kan bashin hunturu uku.

Aizada ta ce wahalar banza ce,
na'ura ta riga ta yi lissafi.
Na sani.
Amma hannuna ne ya rubuta bashin nan,
shi zai soke shi.