Goma Sha Ɗaya a Gidan Kofina

Tun masara ba ta fid da kai ba
suke sauka garinmu, bas bayan bas,
su goma sha ɗaya, kowa da 'yar tuta a ƙirji,
kowa na rantsuwa shi ne ɗan riƙau na asali,
sauran goman jabu ne.

Ni dai kofi nake zubawa a wannan lungu na Ayowa,
shekara talatin da shida ke nan.
Marigayi Arlis ne ya koya mini duban saniya:
kar ki kalli fuskarta, Lorna,
bari sai ta juya za ta tafi,
tafiya ba ta iya ƙarya ba.

Gwamnan ya shigo da takalmin gona
wanda bai taɓa shinshinar taɓo ba.
Ya ce zai zabge haraji har ƙashi.
Na ce, gadar bayan coci fa, wa zai gyara?
Ya yi murmushi, ya yaba kek ɗina na tuffa.

Sanatan ya haddace tsarin mulki
kamar yadda na haddace farashin ƙwai.
Minti arba'in yana zuba, kofinsa ya huce,
bai tambayi sunan kowa ba.

Faston ya yi mana addu'a har Merle ya share ido,
Merle da bai yi kuka ba ranar da banki ya karɓe gonarsa.
Da na kawo zancen kuɗin maganin sukari
sai ya miƙa ni ga Ubangiji.
Ai kullum muna tare da Shi, malam.
Kai nake tambaya.

Attajirin ko zama bai yi ba.
Ya tura dala ɗari ƙarƙashin faranti
bayan ya tabbatar mai kyamara ya gani.

Sai wata tsohuwar soja, mai ɗingishi kaɗan.
Ta ce ba ta san kuɗin taki ba,
ta ari birona ta rubuta.
Jarida ta ce biyu cikin ɗari gare ta.
Kan bashin ƙasa bakinmu ɗaya,
kan bakin iyaka muka saɓa,
don ba ta san wanda ke tatsar shanun Dwight
ƙarfe huɗun asuba ba:
Eusebio, wanda 'yarsa ke jan baitin yabo ranar Lahadi.
Na faɗa mata. Ba ta canza magana ba,
ba ta kuma kawar da ido ba.

Sauran shidan sun cakuɗe mini
kamar safa a injin wanki.
Wani ya fi ihu, wani ya fi suma,
wani ya janye tun allonsa bai bushe a ƙofar Merle ba.

To me nake riƙo, ni da ake kira 'yar riƙau?
Ƙofar da ba a kullewa.
Bashin da ake biya ko ba shaida.
Makarantar da saura ɗalibi tamanin a rufe ta.
Ban ji wanda ya lissafa su haka ba.

Yau daren fidda gwani.
Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa,
mun cika zauren wasan makaranta, rigunan sanyi na ɗiga,
an raba mana 'yan takardu, tafin hannu ya fi su faɗi.
Wanda ke kusa da ni yana leƙe, na kare da yatsa.

Na tuna su ta tagar kicin, ɗaya bayan ɗaya,
lokacin da ƙofa ta rufe, murmushi ya sauka kamar labule.
Goma sun nufi bas.
Ɗaya ta dawo ta ba ni birona.

Wannan ya isa a riƙe ƙasa, Arlis?
Ban sani ba. Na rubuta, na ninke, na jefa a kwalin takalmi.

Gobe bas-bas za su yi gabas.
Gadar na nan yadda take.
Ƙarfe biyar zan kunna tukunya.