Ɗan Wanzami a Asibiti

Ubana Gariba wanzami ne a Aboabo.
Ina yaro ni ke riƙe masa zabira.
Na sha ganin ya kafa ƙaho a bayan ɗan dako,
ya tsaga, ya zuƙa, ya jira,
ya juye baƙin gudaji a rami,
ya tura ƙasa da ƙafa,
ya ce, tashi, ciwonka ya shiga kabari.

Ni ban gaji aska ba, sifana na ɗauka.
Shekara ashirin da biyu a Magazin
ina kokawa da notin tirela,
har jijiyar gwiwar hannuna ta yi yaji.
Kofin koko ya gagare ni ɗagawa.
Man zafi, tsumma, ƙwaya, tofi,
damina uku
Issaka yarona na kwance abin da nake nunawa da baki.

Yau ga ni a ɗaki mai sanyi ta wajen Bantama.
Wata nas, Serwaa, ta ja jinina a siririyar kwalba,
ta sa a na'ura mai kama da tukunyar shinkafa.
Ta yi ta juyi tana gurnani
kamar ana kaɗa nono a gora.
Da aka buɗe, sai ga jinina ya rabu:
ja ya kwanta a ƙasa,
sama ruwan ɗorawa, sai ka ce romon kaza.
Ashe tun haihuwa ina yawo da wannan launi
ban sani ba.

Likita ya ce na saman nan su ne magina,
za mu kai su inda katanga ta tsage.
Na ce, to, da ɗan gari akan ci gari.
Bai yi mini rantsuwa ba.
Wani kan samu, in ji shi, wani bai samu.
Mako shida, ko guduma kar ka gaisa da ita.

Allura ta sauka daidai inda ciwon ke kwana.
Na kira Allah, na kira uwata.
Na ƙirga sidi, kuɗin sauke inji guda.

A motar Kejetia na rungume hannun
kamar jaririn da ba a yi wa suna ba.
Ban san ko zai tashi ba.
Jumma'a dai zan je maƙabartar Tafo
in gaya wa tsoho:
Baba, abin nan da kake binnewa,
ni mayar mini aka yi,
har da rasit.