Farin Kakin Kyaftin Ukashatu

Shekara talatin da ɗaya ina goge masa farin kaki
a bayan barikin sojan ruwa, nan Apapa,
tun dutsen guga na cin gawayi
har ya koma shan lantarki.
Na san shi ta wuyan riga,
ta gishirin da gumi ke bari a hammata.

Ɗan mahaƙin rijiya ne daga Maigatari.
Uban kan nitse gaba talatin
kafin ƙasa ta yi masa ƙwalla cikin ƙoƙo.
Ran da ya fara ganin teku, in ji shi,
sai da ya zauna don dariya:
duk wannan, ba na kurɓa ko ɗaya!
Yakan ce, "Malam Tanimu, da guga aka raine ni,
da guga kuma kake fid da ni kunya."

Da layin zinare ɗaya ya zo mini,
siriri, jirgi na sa shi amai.
Layuka suka zama huɗu.
Lambobin yabo, ni ke ɓalle su kafin wanki,
in zuba a gwangwanin madara,
suna kacau-kacau kamar canjin kwandasta.

Wata damina ya kawo riga a leda,
ya ajiye, bai ce uffan ba.
Baƙin mai, jini, huda a kafaɗar hagu.
Sai a rediyo na ji:
'yan fashin teku, jirgin dako,
mutum sha tara sun koma gida da ƙafafunsu.
Ba a ambaci Ekpenyong ba,
yaron da ke riƙe da sitiyari,
wanda rabin jinin nasa ne.
Na jiƙa, na cuɗa, na sake jiƙawa.
Ya ce, "Bar shi. Ninke kawai."

Lambar da ta biyo bayan wannan dare
ba ta taɓa shiga gwangwanina ba.
Tana Ajegunle, a jikin bango,
ɗakin wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi.
Duk ƙarshen wata yana can da buhun shinkafa.

Yanzu ya yi ritaya, kunne ɗaya ya toshe.
Yakan zauna a bencina bayan la'asar,
yana ƙirga jiragen da ke jiran shiga tasha.

Jiya ya miƙo mini farin yadi, sabo fil,
ba aljihu, ba maɓalli.
Ya ce, "Wanke ka ajiye mini.
Wannan ba sai ka sa sitati ba."