Minti Huɗu

Ni mai gyaran agogo ne a Tudun Wada.
Shekara talatin da ɗaya ina buɗe cikin lokaci da ɗan tsinke,
amma minti huɗun Ashiru
sun gagare ni gyara.

Minti huɗu ya tsaya a bakin lungu a Gyallesu,
injin kekensa na kunne, ƙafarsa a kan burki.
Su uku suka ce bashi za su karɓo,
ya jira, ɗari bakwai kuɗin shata.
Wuƙar tana ƙugun Mamuda.
Ɗana bai ga shigarta ba,
fitowarta ya gani, jina-jina.

A kotun Dogarawa alƙali ya ce niyyarsu ɗaya:
da wanda ya soka, da wanda ya riƙe, da wanda ya jira,
igiya guda ta ishe su.
Na yi ta juya maganar
kamar nocin da ya ƙi zama a raminsa.
Ni da na yi masa huɗuba a kunne
ban san abin da ke ransa ran Talatar nan ba.
Ta wace kafa takarda ta leƙa?

Na sayar da filin Dakace.
Barista Rahila ta baje shafi ɗari biyu da sha bakwai,
ta ja jan biro ƙarƙashin amsar ɗansanda:
"Shi ya gudu da su."
E, ya gudu da su.
Da tsinin ƙarfe a ƙeyarka, kai ma ka ja.
Ta ce, "Baba, sani kafin abu daban,
tsoro bayan abu daban.
A wannan siririn zare za mu ɗaukaka ƙara."

Uwar Sadisu, yaron da aka kashe,
ta gaban teburina take bi zuwa kasuwa.
Ba ma gaisawa.
Da wane baki zan ce mata nawa ma yaro ne?
Nata an yi masa addu'ar arba'in,
nawa ana kai masa gari da ƙuli ran Asabar.

Gobe motar asuba daga Kwangila zuwa Kaduna.
Alƙalai uku, in ji Barista.
Sau biyu ana ɗagewa, na biyun ko zama ban yi ba.
Na goge takalmina.
Agogon Ashiru na aljihun gaba,
mai tsagaggen gilashin nan da ya hana ni canzawa.
Yana gudu da minti ɗaya.
Na bar shi haka.