Ƙwayar Gero Biyu

Shekara tara ke nan da gani ya tattara komatsansa,
ya bar min ido biyu kamar shagon da aka kwashe:
ƙofa a buɗe, ba ciniki.
Ni da na yi akawu a masaƙar Kakuri,
ni da tafireta ke rawar ɗari in ta ji yatsuna,
sai ga ni ina jiran ɗan maƙwabci ya taso makaranta
ya karanta min takardar fansho.
Kafin la'asar duk layinmu sun san
nawa nake bin kamfani, nawa mai shago ke bina.

Ran Talata Ɗanjuma ya saka ni a keke.
Na gane gada ta sanyin da kogi ya watso min a fuska.
Unguwar Rimi, matakala goma sha bakwai,
ɗaki mai kukan fanka da warin janareta.

Kasham ce malamar, 'yar Sabon Tasha,
muryarta ba ta wuce ta jikata ba.
Ta ture linzami gefe, ta ce wannan na masu ido ne.
Ta kama manuniyata, dama da hagu,
ta ɗora kowace kan wani ɗan tudu
da bai fi ƙwayar gero ba.
"Nan ne gida, Baba.
In ka ɓata, ka dawo nan."

Na danna.
Akwatin ya yi magana.

Wai! Murya ta hanci, kamar Bature mai mura.
Na rubuta Ɗalhatu, sunan da aka yanka min rago,
ta tauna shi ta tofar, ban gane kaina ba.
Na rubuta ƙasa, ta ce kasa.
Na ce ban kasa ba, yarinya, ke ce dai ba ki je makarantar allo ba.
Ɗaki duka aka kwashe da dariya.

Ashe ba ni kaɗai ba ne.
A damana Gwamma ce, wadda hawan jini ya cinye wa hannu ɗaya;
an koya wa maɓallanta haƙuri,
na farko ya tsaya ya jira na biyu, ba gaggawa.
Ina jin ta, ƙwas... sai can... ƙwas,
kamar kaza mai zaɓen tsaba.
A hagu Ayuba, da sauran ɗan gani,
an kumbura masa baƙaƙe, in ji shi,
kowane harafi ya kai ƙosan Kasuwar Barci.

Mako na biyar aka ɗauke wuta.
Suka ce, kash, duhu!
Na ce sannunku da zuwa garinmu.
Amma dariyar ba ta kai ciki ba:
muryar ta mutu da rabin wasiƙata a bakinta.
Ranar na koyi maɓalli biyun da ke adanawa,
na riƙe su kamar kuɗin mota.

Wasiƙar ta Zulai ce, 'yata da ke Kafancan.
Akwai maganar da ta kwana tara sau ɗari a ƙirjina,
wadda ba a ba ɗan maƙwabci shifta:
abin da na faɗa mata ranar jana'izar uwarta,
da yadda harshena ya fi ni ƙarfi.
Layi shida. Na goge, na sake, na goge.
Na tura.

Yau amsa ta zo.
Kasham ta miƙo min abin sawa a kunne, ta ja kujerarta nesa.
Muryar mai mura ta fara,
tana tuntuɓe da kowane ƙa, kowane ɗa,
ta karya "Baba" gida biyu,
ta ce "na yafi" a inda Zulai ta ce na yafe.

Na sa ta maimaita sau huɗu.
Ba ta gaji ba, ba ta tambaye ni me ya faru ba,
ba kuma za ta kai wa mai shago labari ba.

Yatsuna sun zame, sun jiƙe, sun ɓata.
Na lalubo.
Ga gero, ga gero.